Gida kan tayoyi: yadda iyalai a Faransa ke zaɓen motar tafiya hutu

Duk watan Agusta manyan hanyoyin Faransa kan cika da wasu fararen motoci masu kama da ɗaki, waɗanda Faransawa ke kira kampin-kar. A cikinsu akwai gado, murhun gas, ƙaramin firij, tankin ruwa da makewayi. Tsofaffin mutanen Agadas sun san irinsu, don a shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido sun riƙa tsallako hamada daga Tamanrasset, wasu cikin ƙananan Volkswagen da suke kwana a ciki.

Ga mai iyali, zaɓen irin motar da zai saya ko ya yi haya ba ƙaramin lissafi ba ne.

Mafi ƙanƙanta ita ce irin Volkswagen California, wadda rufinta ke ɗagawa ya zama gado. Tsayinta bai kai mita 2 ba, tana shiga wuraren ajiye motoci na cikin gari, sai dai galibi babu wurin wanka. Sama da ita akwai motar kaya da aka mayar ɗaki, yawanci Fiat Ducato mai tsawon kusan mita 6. Miji da mata da yaro ɗaya za su ji daɗinta. Da 'ya'ya uku kuwa, ranar da ruwan sama ya tsare kowa a ciki za a gane ƙuncinta.

Motar masu 'ya'ya da yawa ita ce kafusin, mai ƙusumbi a saman wurin direba inda aka shimfiɗa babban gado. Tana kwanar da mutum shida, wata har bakwai. Amma ƙusumbin nan yana tare iska, yana ƙara shan gazuwal, kuma yakan sa tsayin motar ya wuce mita 3. A peyajin manyan hanyoyin Faransa, motar da ta kai mita 3 tana faɗawa aji na 3, kuɗinta ya fi na sauran da ke aji na 2. Wanda zai sauka daga Paris zuwa gaɓar tekun Bahar Rum zai ji bambancin a aljihunsa. Wannan na cikin abin da ya sa da yawa suka koma ga mai siririn goshi, wadda gadonta na biyu ke saukowa daga rufi da dare. Akwai kuma babbar da aka ƙera gangar jikinta baki ɗaya kamar ƙaramar bas, ita ce mafi tsada.

Inda sabbin shiga suka fi yin kuskure shi ne ƙirga gadaje. Abin da jandarma ke dubawa shi ne yawan kujerun da aka rubuta a takardar motar, masu bel ɗin ɗaurewa. Mota na iya samun gado shida amma kujera huɗu kawai, kuma doka ba ta yarda yaro ya kwanta a gado ana cikin tafiya ba.

Sai nauyi. Permin tuƙi na B iyakarsa tan 3.5, har da mutane da kaya. Babbar mota tun tana fanko ta cinye mafi yawan wannan nauyi. A cika tankin ruwa na lita 100, kilo 100 ke nan sun tafi. A ɗora kwalaben gas, kekuna, abinci da mutum shida, sai a wuce iyaka ba a sani ba. Bayan tara, birki da tayoyi ne ke ɗaukar wahalar a gangaren tsaunuka. Mai son motar da ta fi haka nauyi sai ya nemi permin C1, wanda ke kai wa tan 7.5.

Shi ya sa masu hankali kan fara da hayar mako guda kafin su saya. A nan ne uba zai san ko zai iya juya mota mai mita 7 a lungun ƙauye, a kuma san wanda zai riƙa ɗaukar akwatin makewayi ya kai wurin zubarwa duk bayan kwana biyu ko uku.