Ranar da Hajiya ta zo Kotobabi ɗaukar jikokinta

Mahaifiyata ta sauka a Accra da magana ɗaya a bakinta: za ta koma Kano da yarana biyu. A waya ta ji ƙaramar tana cewa "Mama ya tafi kasuwa", shi ke nan ta yanke hukunci wai jikokinta sun ɓace a ƙasar Gwanja. Ban yi musu ba. Na dai ce, "Hajiya, ki ba ni mako guda."

Da asuba na kai ta bakin titi wajen mai koko. Na gero ne, ya ji citta da kanumfari da barkono. Ta ji Ga da Ashanti suna layi suna cewa "Hausa koko" da "koose", ta dube ni ta ce, "Ƙosai suke nufi?"

Waakye ne ya fi ba ta mamaki. Wake da shinkafa ne, sunan ma daga nan ya fito, sai dai ana dafa shi da karan dafi har ya yi ja, a zuba shito, wato baƙin yajinsu mai kifi, da garin rogo da taliya da ƙwai, a naɗe a ganye. Ta ce an cika masa tarkace. Ta cinye tas.

Ranar Laraba muka shiga kasuwar Nima. Dagomba da Zabarmawa da Mosi da Kotokoli, kowa da harshen gidansu, amma ciniki da Hausa ake yi, irin wadda ba ruwanta da "ya" da "ta". Wata dattijuwa mai albasa ta ce mata, "Hajiya, ka zo lafiya?" Dariya ta kama ta har da riƙe ni.

Juma'a mun yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Lahadi muka hau tudun Aburi, lambun da ke nan tun 1890, ga sanyi ga dogayen itatuwa. Teku kuwa, a Labadi, daga nesa ta tsaya tana salati, ta hana yaran matsawa.

Daren tafiyarta ta ce, "Su zauna. Amma duk dogon hutu ka turo min su, in gyara musu baki." A jakarta akwai kwalabar shito uku.