CD-4: Sinadarin da ke fito da kala a fim ɗin hoto

Matasa da dama suna sa wa hotunansu filta a Instagram ko Snapchat don su yi kama da hotunan da. Kalar da waɗannan manhajoji ke kwaikwaya ta samo asali ne daga wankin fim, kuma babban jigon aikin shi ne sinadarin da ake kira CD-4. Da shi ake wanke fim mai kala a tsarin C-41, wanda kamfanin Kodak na Amurka ya fito da shi a 1972.

Idan aka ciro fim daga kyamara, kalolin hoton ba su samu ba tukuna. Abin da ke jikinsa shimfiɗu ne hawa uku masu ƙwayoyin gishirin azurfa: ɗaya na kama hasken shuɗi, ɗaya kore, ɗaya ja. Duk ƙwayar da haske ya taɓa tana riƙe da alamar da ido ba ya gani.

Da zarar an tsoma fim a ruwan CD-4, sai ya mayar da ƙwayoyin nan azurfa zalla. Garin yin haka shi ma sai ya canza, ya haɗe da wani sinadari marar launi da aka riga aka zuba a cikin shimfiɗar, nan take rini ya fito. Shimfiɗar shuɗi tana ba da rawaya, ta kore tana ba da ja mai ratsin shunayya, ta ja kuma shuɗi mai ratsin kore. Shi ya sa kalolin nagetif suke a juye. Daga nan sai a wanke azurfar da wasu sinadarai, a bar rinin kaɗai.

Aikin ba ya son ganganci. Ƙa'ida ita ce zafin ruwan ya tsaya a digiri 37.8 na ma'aunin Salshiyos, na tsawon minti 3 da daƙiƙa 15. In aka kuskure, shimfiɗun ba za su fito daidai da juna ba, kala ta karkace, kuma fim sau ɗaya ake wanke shi.

Akwai kuma batun lafiya. CD-4 dangi ne na PPD, sinadarin da ake samu a baƙin rinin gashi da wasu nau'o'in baƙin lalle, kuma yana iya jawo ƙaiƙayi da ƙuraje a fata. Duk mai sha'awar gwada wankin fim a gida, ya sa safar hannu ta roba, ya yi aikin a inda iska ke shiga.