Dangin Flagyl a Ɗakin Gashin Sankara

Likitocin da ke gasa ciwon daji da haske mai ƙarfi sun daɗe suna cizon yatsa: ƙari ya motse kamar ya tafi, bayan 'yan watanni ya sake tsirowa. A 1955 masana biyu na Ingila, Thomlinson da Gray, suka duba yankan naman sankarar huhu a madubin likita, suka hango dalili. Ƙari yakan girma da garaje har jijiyoyin jininsa su kasa cim masa. Ƙwayoyin da ke gefen jijiya suna samun iskar oksijin, na can nesa sun mutu, a tsakani kuwa akwai masu sauran numfashi cikin ƙarancin iska. Su ne masu taurin kai.

Ga yadda abin yake. Hasken gashi yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwaya, ɓarɓashin ya yi wa DNA rauni. Idan akwai oksijin kusa, sai ta manne a bakin raunin, ya ƙi gyaruwa. Idan babu, ƙwayar ta ɗinke kayanta ta ci gaba da hayayyafa. Kashe irin wannan ƙwaya sai an ninka hasken kusan sau uku, lafiyayyen naman da ke kewaye kuwa ba zai jure ba.

Sai masana suka nemi maganin da zai yi aikin oksijin a bakin raunin, amma wanda ƙwayoyin kan hanya ba za su shanye ba, don ya ratsa har tsakiyar ƙari. Cikin na farko da aka gwada akwai metronidazol, wato Flagyl ɗin nan da ake sha don atuni. Kada wani ya garzaya kemis: adadin da ake bukata ya fi ƙarfin cikin mutum. Ƙanensa misonidazol ya fi kaifi, sai dai yana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa, aka ajiye shi.

Nimorazol ne ya fitar da dangin kunya. A gwajin da aka wallafa a Denmak a 1998, kan masu sankarar maƙogwaro, an shawo kan ciwon a mazauninsa ga kashi 49 cikin ɗari na waɗanda suka sha shi tare da gashi, sauran kuwa kashi 33. Denmak ta riƙe shi, yawancin ƙasashe suka ja baya.

A ganina laifin ba na maganin ba ne kaɗai. Ba kowane ƙari ke fama da ƙarancin iska ba, kuma har yau yawancin asibitoci ba su da hanya mai sauƙi ta tantance wanda maganin zai amfana kafin a fara gashi.