Lissafin muryar goge

Yara, kun san gogen ƙasar Kurfai. Tsirkiyarsa ɗaya, amma muryoyinsa da yawa. Yaya za mu rubuta su don kada su ɓace?

Daga murya zuwa takwararta ta sama, Turawa suna ƙirga taki 12. Waƙoƙinmu da yawa muryoyi biyar gare su. Ga tazararsu: 2-2-3-2-3. Ku tara: 12 ke nan.

In mai goge ya fara daga murya ta biyu, jerin ya zama 2-3-2-3-2, daɗin waƙar ya sake. Lambobin nan su ne sunan jerin.

Larabawa suna ƙirga taki 24, don akwai muryoyi a tsakani. Yatsan mai goge ma yana samun su.

Aiki: ku nemo sauran jeri ukku.