Ledar reno da makomar dashen itatuwa a Zamfara

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, sai a shiga hidimar dashen itatuwa a Jihar Zamfara. A raba dashe a makarantu da ma'aikatu, manya su tsuguna su sa ɗaya a rami, a ɗauki hoto. Idan bazara ta zagayo aka tarar da ƙirare a tsaye, sai a ɗora laifi a kan awaki ko ƙarancin ruwa. Ban wanke awaki ba, amma a ganina ledar da aka reni dashen a cikinta tana da nata kason, kuma ba a cika tuhumarta ba.

Itatuwan ƙasarmu irin su gawo, tsamiya, bagaruwa da ɗorawa suna fara rayuwa ne da tura uwar saiwa ƙasa, neman danshin da zai riƙe su watannin rani. A gajeriyar leda, wannan saiwa tana cin karo da gindi cikin makonni kaɗan. Da ta rasa hanya sai ta lanƙwashe, ta riƙa zagaye kamar gammo. A sama ganye shar, mai saye ya yaba, alhali a ƙasa an riga an yi ɓarna, domin saiwar da ta naɗe ba ta miƙewa don an sa ta a rami mai faɗi. Dashen zai sha ruwan sama har Satumba, ya bushe da hunturu. Wanda ya tsira kuma yakan girma ba tare da ya kama ƙasa sosai ba, guguwar farkon damina ta kwantar da shi bayan shekaru.

A wuraren sayar da dashe a Gusau nakan ga mangwaro da dogon yaro a cikin ledar ruwan sha, wadda rabin lita kawai take ɗauka. Ba na zargin masu reno da mugunta. Doguwar leda tana cin ƙasa da taki da ruwa, ga nauyi, motar da za ta kai kaya Tsafe ko Bunguɗu kuma kaɗan za ta ɗauka. Tunda mai ba da kwangila ƙidaya yake yi, ba ya duba saiwa, wa zai jawo wa kansa asara? Dashen da bai samu mai saye bana ba kuwa, a ledarsa zai kwana har baɗi.

Masu renon itacen da ake kira oak a Turai da Amurka sun sha fama da wannan matsala, domin shi ma mai doguwar saiwa ne. Dabararsu ita ce dogayen mazubai masu zane a tsaye daga ciki, buɗaɗɗun gindi, a ɗaga su daga ƙasa. Saiwa na leƙowa iska ta busar da bakinta, sai ta yi rassa a ciki maimakon ta naɗe. Ko ba mu sayo irinsu ba, doguwar leda mai huda a gindi bisa ragar waya za ta yi kusan wannan aikin.

Zamfara na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya ta kafa masa hukuma a 2015. Kuɗin jama'a ake kashewa. Sannan a ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, inda rashin tsaro ya hana manomi zuwa gona yadda yake so, babu mai bin dashe da bokiti a watan Maris. Saiwarsa ce kaɗai za ta nemo masa ruwa. Wannan ne ma sirrin sassabin zamani da ya yaɗu a yankin Maraɗi tun shekarun 1980, inda manoma ke kula da tohon tsofaffin kututture masu saiwa a zurfi.

Don haka ina kira da a rubuta zurfin leda da watannin da dashe ya yi a cikinta a kowace takardar kwangila. Mai karɓar kaya ya zaɓi 'yan ƙwarori, ya tsaga ledar, ya wanke ƙasar ya gani da idonsa. Ranar dashe kuma a yanke gindin ledar da wuƙa mai kaifi don a cire naɗin, a tsaga gefe, a zare ledar gaba ɗaya kafin a mayar da ƙasa.