Malboliyo, Wakilin Gida

A cikin wasannin kwaikwayon da Wilyam Shekisfiya na Ingila ya rubuta akwai wani da aka nuna a Landan cikin 1602, wanda marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya juya da Hausa, aka buga shi cikin 1971 da sunan Daren Sha Biyu. Kwanan baya ɗalibanmu na kwalejin horon malamai suka yi shi. Muka tafi don mu yi dariya, muka komo jiki a sanyaye, don mun ga kanmu a jikin mutum guda, watau Malboliyo.

Shi Malboliyo wakilin gidan wata mai sarauta ne, ana ce da ita Olibiya. Mutum ne mai amana, ba shi wasa da aiki. Wata rana da tsakad dare ya iske Tobi, ɗan'uwan uwargijiyarsa, da abokansa suna shaye-shaye da waƙe-waƙe, ya tsawata musu. Gaskiya ya faɗa, amma da raini ya faɗe ta, sai ka ce gidan nasa ne. Sai Mariya, mai yi wa Olibiya hidima, ta kwaikwayi hannun uwargijiyarta, ta rubuta takardar soyayya, ta yar a hanyarsa cikin lambu.

To, ga inda ya kamata mu lura. Tun bai ga takardar ba aka ji shi yana saƙar zuci, wai ya auri Olibiya, ya zama maigida, har ya aika a kirawo masa Tobi ya yi masa faɗa. Ashe abin da ke ransa ne takardar ta karanta masa. Ya sa safa rawaya kamar yadda aka rubuta, alhali kuwa launin da Olibiya ta ƙi jini ke nan, ya zo yana ta murmushi gaban mai makokin ɗan'uwanta. Aka ce ya haukace, aka kulle shi a ɗaki mai duhu.

Akawun da ke barin talaka tsugune bakin ƙofa tun hantsi har azahar, don a san alƙalami na hannunsa, ya san mutumin nan. Mu ma mun san shi. Mun taɓa zuwa duba wata makarantar ƙauye, muka tarar rajista ba daidai ba, muka yi wa dattijon malami faɗa gaban yaransa. Rajista ta gyaru, amma har ya bar aiki bai sake kawo mana kukansa ba. Takardar Mariya kuwa kullum tana zuwa mana, a bakin mai cewa, "Ranka ya daɗe, ai kai ka cancanci babbar kujera."

Amma kada mu wanke waɗanda suka yi masa wasan, don sun wuce gona da iri. A ɗakin duhun nan abin da ya roƙa shi ne kyandir da alƙalami da tawada da takarda, kayan aikin akawu. Daga ƙarshe Olibiya da kanta ta yarda an zalunce shi, ya fita yana rantsuwar ramuwa, ana shirin biki ba shi.

Saboda haka, malamai, in ɗalibanku za su yi wasan nan, ku bar su su yi dariya son ransu, sa'an nan ku tambaye su wanda suka yi wa. Allah Ya ba mu amanar Malboliyo, Ya tsare mu da girman kansa.