Kwana a Tenere lokacin ɗari

A arewacin Agadas akwai gandun dajin Abzin da Tenere, wanda aka keɓe a shekarar 1988. An fi jin daɗin ziyararsa a watannin Disamba da Janairu, don rana ba ta ƙuna sosai.

Amma da rana ta faɗi, sai sanyi ya sauko. Babu gajimaren da zai tare zafin ƙasa, sai zafin ya tashi sama. A kan duwatsun Abzin har ruwa yakan daskare! Shi ya sa matafiyi ke ɗaukar bargo mai kauri, ya kafa tanti a bayan dutse, inda iska ba ta bugawa. Ba a shiga sai da jagoran da ya san rijiyoyi.